Wutsiyar Kati

Shekara talatin da huɗu Akawu ya yi a ofishin kaya na tashar jirgin ƙasa. A tsawon wannan lokaci ko buhu ɗaya bai taɓa hawa tarago babu kati a wuyansa ba. Da ya ajiye aiki, sunan ya biyo shi gida. Maƙwabta Akawu suke ce masa. Matarsa ma haka take kiransa, da ɗan murmushi a gefen baki. Shi kuma ya ce mata Tela, don ita ce mai ɗinkin layinsu.

Wata huɗu ke nan da rasuwar Tela. Ta bar almakashi, da gwangwanin maɓallai, da ƙaramin keken ɗinki na hannu, da waya mai tsagaggen gilashi.

A cikin wayar akwai lalitar kuɗin intanet, wanda yara ke kira kirifto. Autarsu ce ta buɗe mata, don masu kawo ɗinki daga nesa su riƙa biyanta ta nan. Akawu bai taɓa leƙawa ba. Abin da ba a ɗora shi a sikeli, ba ya cikin lissafinsa. Akwai kuma wani dalili. Ya san babban ɗansu yana yi wa uwarsa aike ta wannan hanya.

Sau ɗaya tak Akawu ya taɓa roƙon mutum a rayuwarsa. Ya cire hula gaban shugaban tasha, ya nema wa ɗan nasa gurbi a ofishin kaya. Aka ba shi. Yaron ya yi sati uku, ya ajiye biro, ya bi jirgin ruwa ya tafi ƙetare. Ranar Akawu ya kafa doka a tsakar gida: abin da ke tsakanin ɗa da uwa nasu ne, amma ko ƙwayar zarra daga hannun wancan kada ta taɓa jikinsa, ko cikinsa, ko rufin da ke kansa. Shekara tara bai ambaci sunansa ba. Wancan yake cewa.

Wata Asabar da hantsi Auta ta zo da kwamfuta a jaka da sabuwar waya a kwali. Aikinta ke nan, rubuta manhaja a wani ofishi mai hawa biyar. Ta zauna a kujerar uwarta gaban taga, ta ciro takardar da Tela ta naɗe a cikin gwangwanin maɓallai, mai ɗauke da kalmomi goma sha biyu.

“Baba, batirin wayar Mama ya kumbura. Mai gyara ya ce yau ko gobe. Zan mayar da lalitar sabuwar waya.”

“Mayar.”

Ta shigar da kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Ya tsaya a bayanta, hannu a goye, kamar mai duba lodi. Layuka suka fara saukowa a fuskar sabuwar wayar.

“Alhamdulillahi, komai ya dawo,” in ji Auta. Ta ja yatsa sama, ta ja ƙasa. Ta dafe goshi.

“Me ya ɓata?”

“Babu abin da ya ɓata. Sai dai rubutun Mama.”

“Wane rubutu?”

Ta jona tsohuwar wayar a caja, ta jira ta farfaɗo, ta miƙa masa. A kowane layi akwai wurin da mutum zai sa ɗan lakabi, don ya tuna wane ne ya turo, ko don me. Mutane na rubuta kalma biyu, uku. Akawu ya gyara tabarau ya karanta na farko da idonsa ya faɗa kai.

“Rigar mai kantin magani. Yau kurciya ta yi ƙwai a tagar kicin, Akawu ya ce ba ta nemi izini ba.”

Ya ja layin sama.

“Labule shida. Tsohon ya rera waƙa a banɗaki, ya ɗauka ban ji ba. Muryar kamar ƙofar tarago.”

Ya daɗe a tsaye. Daga bisani ya nemi bakin gado ya zauna. Ɗakin ya yi masa wani iri, kamar an buɗe taga a bangon da ba shi da taga.

“Guda nawa ne?” ya tambaya.

“Ɗari da arba'in da uku.”

“Kuma ba su bi kayan ba.”

“Ba su bi ba, Baba. Kalmomin nan goma sha biyu kuɗi suke dawowa da shi, da tarihin shigarsa. Lakabi kuwa a cikin wayar kaɗai yake zaune. In ta mutu, ya mutu.”

“Wane sakaran ne ya tsara wannan? Kaya a tarago, kati a gida?”

Auta ta yi ɗan dariya, idonta da ruwa. Ta yi masa bayani a hankali. Da can kowace manhaja da yadda take ajiye lakabinta, wata ba ta jin yaren wata. Sai masu wannan sana'a suka yi ta ja-in-ja, har suka tsaya a kan tsari guda. Fayil ɗaya, kowane saƙo layi ɗaya, a kowane layi abu uku: irin abin, da lambarsa, da lakabinsa. Ka fitar daga wannan manhaja, ka shigar a waccan, ta karanta ba gardama. Sai dai ta Mama tsohuwa ce, masu ita sun rufe shago tun kafin a yi wannan yarjejeniya. Abin da take fitarwa ita kaɗai ke gane shi.

Akawu ya yi tsaki.

“Sai yanzu suka gano? Mu muka ga wannan tun ana haihuwar iyayensu. A mahaɗar layin dogo kamfani uku ke haɗuwa. Wannan katinsa ja, lamba a sama. Wancan shuɗi, lamba a baya. Na uku da alli yake rubutawa a jikin buhu, ruwa ya sauko ya wanke. Injin niƙan wani ya yi wata bakwai yana yawo, har ya fi mai shi sanin ƙasa. Sai da aka tara mu a ɗaki ɗaya kwana biyu, ba shayi, kafin aka yarda da kati ɗaya.”

“To ai ka ga, kai ne kakan masu tsarin.”

“Kada ki haɗa ni da su. Su ba su san nauyin buhu ba.”

Ta ce za ta tafi da wayar ofis, ta ɗauki hoton kowane layi in ta sami sarari. Ya miƙa hannu ya karɓe.

“Wayar nan ba ta fita gidan nan. Ni zan kwafe.”

“Baba, kowace lamba harafi sittin da huɗu ce. Ko takwas na farko ka rubuta sun ishe ni.”

“Rabin lamba ba lamba ba ce.”

“Idonka fa?”

“Idona ya fi naki. An gyara shi.”

Wannan gaskiya ne. Shekara uku da suka wuce yanar ido ta rufe masa ido biyu, har sai da ya riƙa laluben bango. Tela ta sayar da babban kekenta na ƙafa, wanda ta fara sana'a da shi, aka yi masa aiki. Ba wanda ya taɓa zama da Akawu rabin awa bai ji wannan labari ba. Matata ta sayar da kekenta, yakan ce, yana buga ƙirji kamar shi ya sayar.

Kafin Auta ta tafi ta faɗi wata magana daga bakin ƙofa, tana ɗaura takalmi, ba ta dube shi ba.

“In an gama zan tura wa Yaya fayil ɗin. Manhajarsa daban ce, amma tana karanta tsarin. Ya roƙe ni. Ya ce ba ya son komai, maganar Mama kawai.”

Akawu ya ce, “Rufe ƙofar da kyau, tana buɗewa.”

Washegari ya karɓo kwalayen sabulu daga kantin kusurwa. Ya yanka su da almakashin Tela, faɗin yatsa huɗu, tsawon tafin hannu. Ya huda kowanne a kai, ya zura kirtani. Katin tasha yana da wutsiya, wani ɗan yanki a ƙasa da ake yagewa. In kaya ya isa, mai karɓa ya sa hannu a wutsiyar, a mayar wa wanda ya aiko, ya san kayansa ya sauka. Waɗannan katuna ba su da buƙatar wutsiya. Amma hannun Akawu bai san yadda ake yin kati ba ita ba. Ya zare zare daga ƙaramin keken, ya riƙa tura kwalin ƙarƙashin allura yana juya hannun keken, allurar na bin layi tana huda ƙananan ramuka. Ƙarar keken ta cika ɗakin. Maƙwabciya ta leƙo ta katanga, ta ga ko wane ne, ta koma da sauri.

Ya tsara aikinsa kamar na ofis. Ƙarfe takwas ya zauna gaban taga, waya a jone da caja, kati goma sha biyu a dama. Lamba a sama, harafi huɗu-huɗu, ya karanta gaba, ya karanta baya. Lakabi a ƙasa, yadda ta rubuta. Dokar ofishin kaya ke nan: abin da ke kan kati shi za ka kwafa. Ba ka ƙari, ba ka ragi, ba ka gyara wa mai kaya rubutu. Inda Tela ta manta harafi, shi ma ya manta.

“Wando uku na 'yan makaranta. Na ce masa gishiri ya yi yawa, ya ce harshena ne. Ya sha ruwa kofi huɗu.”

“Daga yarona. Ya ce inda yake rana ba ta faɗuwa da wuri. Na sa wayar a kunne har ta yi zafi.”

“Gyaran kwat. An yi ruwa da rana. Na tsaya a ƙofa ban san me nake jira ba.”

In rana ta take, wayar takan yi zafi, sai ya kashe ta ta huta. Shi ma ya jingina da kujera. A nan ne tashar ke zuwa masa.

Ba barci ba ne sosai. Yana jin kukan kurciya a tagar kicin, yana jin mai kayan gwangwani na wucewa a titi. Amma labulen ɗakin sai ya zama ƙofar rumbun kaya, mai tsayi, a buɗe rabi. Haske na zubowa ta ramukan kwano, tsaye-tsaye kamar sanduna. Jirgi ya shigo ba ƙara, kamar a kan auduga yake tafiya. Buhuna na saukowa da kansu, ba su da nauyi, suna ɗan lilo a iska kafin su zauna. Tela na kan babban sikeli, ƙafa a harɗe, tana ɗinki, allurar sikelin kuwa ba ta motsa ba. Duk buhun da ya ɗaura wa kati sai ta ɗaga kai ta ce, “Wuce.” Buhun ya bi ta ƙofar baya, inda babu komai sai fari.

Yakan farka da kirtani a naɗe a yatsa.

Haka aka yi kwana tara. Katunan na rataye a igiyar shanya da ya ɗaura daga ƙusar agogo zuwa ƙofar kicin. In iska ta shigo sai su riƙa taɓa juna, suna wata 'yar ƙara kamar mutane na raɗa a ɗaki na kusa.

Ran kwana na goma, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ya kai ga wani layi. Ya kwafe lambar tukuna, yadda ya saba. Sannan ya buɗe lakabin.

“Daga yarona, na idon babansa. Na ce wa Akawu keken na sayar. Keken na gidan ƙanwata, ƙarƙashin gado, an rufe shi da bargo. In ya sani zai gwammace laluben bango. Yaron ya ce, Mama kada ki faɗa, ni dai ya riƙa ganin hanya.”

Akawu ya karanta sau ɗaya. Bai buƙaci na biyu ba. Ya cire tabarau ya ajiye. Ya dubi taga. Ganyen bishiyar maƙwabta ɗaya-ɗaya yake ganinsu, har da jijiyoyinsu. Ya dubi bango, ya ga tururuwa na hawa da ɗan farin abu a baki. Ya rufe ido, ya buɗe. Komai na nan tar. Abin ya ba shi haushi.

Shekara uku yana yawo da kayan wancan a fuskarsa. Da su ya ga fuskar Tela ranar ƙarshe. Da su yake karanta wannan.

In ya kwafe, fayil zai tafi ƙetare. Wancan zai buɗe, ya ga layin, ya san tsohon ya karanta da idonsa, ya kuma rubuta da hannunsa. In bai kwafe ba, babu wanda zai sani. Layi ɗaya cikin ɗari da arba'in da uku.

Ya ɗauki katin mai lamba ba lakabi, ya zura a aljihun riga. Ya wuce na gaba.

Ran nan da rana ta take, tashar ta zo kamar kullum. Sai dai akwai buhu guda a kusurwa, inda ake tara kayan da ba mai su. Bai yi lilo ba. Yana zaune da nauyinsa. Tela ba ta dube shi ba, ba ta dubi Akawu ba. Ta ci gaba da ɗinki.

Kwana biyu bayan haka ya gama na ƙarshe. Ya ajiye biro, ya miƙe ya haɗa shayi. Da ya dawo, fuskar wayar ta yi baƙi. Ya danna, ya cire caja ya mayar, ya hura bakin cajar. Bayanta ya ɗago kamar burodi. Ya sa ta a aljihu ya taka har rumfar mai gyara, shi da ya ce ba za ta fita ba.

Mai gyara ya buɗe ta, ya sa ƙaramin gilashi a ido, ya girgiza kai.

“Baba, wannan sai haƙuri. Batirin ya zubo ya cinye cikin. Ko mai ƙera ta ya zo, addu'a zai yi mata.”

“Ba abin da za a ciro?”

“Sai dai ƙusoshi. Kana so?”

Akawu ya karɓi wayar ya juyo. A hanya ya ji katin aljihunsa na gogar ƙirjinsa. Yanzu maganar nan ba ta ko'ina a duniya sai a kansa. Kan kuwa ya haura saba'in da biyar.

Asabar Auta ta zo. Ta tsaya a ƙofa tana kallon igiyar katuna, hannu a baki.

“Baba, har da wutsiya?”

“Zauna ki yi aiki.”

Shi ke cirowa yana karantawa, ita tana bugawa. Ya karanta lamba da muryar kiran kaya, ya karanta lakabi da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Wani wurin ta yi dariya har ta kifa kai a kan kwamfutar. Wani wurin ta tashi ta shiga kicin, ta buɗe famfo, ta daɗe. Shi yana zaune da kati a hannu yana jira.

“Wannan fa ba kalma ba ce,” ta ce a wani wuri. “Mama ta tsallake harafi. In gyara?”

“Kayanki ne?”

“A'a.”

“To bar shi.”

Sai bayan la'asar suka gama. Ta duba fayil ɗin, layi a ƙarƙashin layi, kowanne da abu uku. Ta tura shi cikin sabuwar wayar, ta danna wurin shigarwa. Akawu na tsaye a bayanta. Lakabai suka fara bayyana, kowanne ya nemi lambarsa ya zauna a gefenta, kamar fasinjoji masu tikiti. Kurciya ta dawo. Waƙar banɗaki ta dawo. Ruwan da aka yi da rana ya dawo.

“Ko lamba ɗaya ba ka kuskure ba,” in ji Auta. “Wallahi a ofishinmu babu mai iya wannan.”

“Na sani.”

Ta ci gaba da jan layukan. Sai yatsanta ya tsaya. A tsakiyar rubutun Tela akwai layi ɗaya fari fat, lamba kawai da kwanan wata, kamar gurbin haƙori.

“Ɗari da arba'in da biyu suka shiga. Ɗaya babu.”

“Wataƙila ba ta rubuta ba.”

“Mama? Wadda ta sa wa gyaran zik lakabi mai layi uku?” Ta matso da wayar kusa da ido. Ta ga kwanan watan. Ta yi shiru.

Akawu ya ga shirun, ya gane irinsa.

“Ke ma kin sani.”

“Ni na ɗauki keken a mota, Baba. Ni da direba muka sauke shi. Har yau bayana na tuna.”

“Gida guda, mutum uku, kun mayar da ni buhu. Ana ɗauka ana ajiyewa.”

“Mun mayar da kai mai ido.”

“Ki iya bakinki.”

Ta iya bakinta. Ta rufe kwamfutar rabi. Can ta ce, a hankali, “Ni ban san me ta rubuta ba. Ban taɓa buɗewa ba. Wayar kuma ta tafi. In ka ce babu, babu. Haka zan tura wa Yaya.”

Ya koma kujerarsa gaban taga ya zauna. Rana ta karkata, ta shigo ta ƙasan labule, ta kwanta a kan igiyar shanya da ba komai a kanta yanzu sai 'yan guntayen kirtani. Ya lumshe ido.

Rumbun kaya ya buɗe. An kwashe komai. Ƙasa a share, har ana ganin sawun tsintsiya. Jirgi na tsaye a waje, hayaƙinsa na hawa a miƙe, ba iska. Buhun nan kaɗai ya rage a kusurwa. A dokar tasha, kayan da ya yi wata uku ba kati, gwanjonsa ake yi, ko a ƙone. Akawu da hannunsa ya sha rubuta takardar, kuma duk ranar da ya rubuta ba ya iya cin abinci. Tela ta sauko daga kan sikeli. Ta naɗe ɗinkinta, ta soke allura a gefen mayafi. Ta tsaya a ƙofar baya, farin nan na bayanta.

“Akawu,” ta ce, “jirgi fa na jira. Ko kai ma ka fara barin kaya?”

Ya buɗe ido. Auta na nan zaune, ta haɗa hannu a cinya.

Ya sa hannu a aljihu ya ciro katin. Ya yi laushi da zufa, gefensa ya lanƙwashe.

“Buɗe abin naki.”

Ta buɗe.

Ya karanta lambar, harafi huɗu-huɗu, har sittin da huɗu. Sannan ya ɗaga kai daga katin, don babu sauran abin karantawa a kansa. Ya dubi bango, ya faɗi maganar daga farko har ƙarshe. Daga yarona, na idon babansa. Keken da bargon. Laluben bango. Muryarsa ba ta hau ba, ba ta sauka ba, sai a wuri ɗaya, wurin da yaron ya ce ni dai ya riƙa ganin hanya. Nan ya tsaya ya yi gyaran murya, ya ce ƙurar kwali ce.

Auta ta buga, hawaye na ɗiga a bayan hannunta.

“Haka ta rubuta? Ba ka rage ba?”

“Shekara talatin da huɗu. Tambayi kowa.”

Ta sake shigar da fayil ɗin. Farin layin ya cike.

Akawu ya jawo biro. Ya rubuta lakabin a kan katin, don kati ba ya zama rabi. Sannan ya juya shi, ya kama wutsiyar, ya yage ta bisa layin allura. Ta fita da 'yar ƙara, tsaf. A kanta ya rubuta abin da ake rubutawa: Ya iso lafiya. An karɓa. Ya sa kwanan watan yau, ya sa hannu, irin sa hannun nan mai doguwar jela da duk mahaɗa ta sani.

“A tsarin naku, ina ake sa wannan?”

Auta ta karɓa ta karanta. Ta share fuska da gefen gyale.

“Babu wurinsa, Baba. Abu uku ne kawai. Iri, lamba, lakabi.”

“Duk taron da suka yi?”

“Duk taron.”

“To ki gaya musu sun manta wutsiya. Mai aike yana da haƙƙin ya san kayansa ya sauka.”

“Zan ɗauki hotonta in tura masa yanzu.”

“Hoto ba sa hannu ba ne. Ambulan za ki saya. Gidan waya. Ki rubuta adireshin da manyan baƙi, lamba a sama.”

“Adireshin wa?” ta tambaya, tana kallonsa ta gefen ido.

Ya harare ta. Ta ƙi sauke ido. Halin uwarta ne sak.

“Na yayanki,” ya ce.

Ta sa wutsiyar a cikin littafinta, ta rufe a hankali. Ya miƙe, ya fara kwance igiyar shanya daga ƙusar agogo, yana naɗe ta a gwiwar hannu.

“Gobe ki zo da mota,” ya ce, bai juyo ba. “Da direban nan mai ƙarfi. Shekara uku keke na ƙarƙashin gadon mutane, ko mai ba a sa masa ba.”